Kufai ba wurin tono ba ne

Ran Litinin wani ɗan ajina ya zo makaranta da wuyan tsohuwar tukunya da ƴan duwatsun wuya uku. Ya ce: «Malam, a kufai na tono su, wajen kiwo.» Na ce ya nuna mini daidai inda kowane yake kwance. Ya kasa. Na yaba da idonsa, amma raina bai yi daɗi ba. Yara, ga dalili.

Ƙasarmu ta Damargu hanyar fatake ce tun da. Ayarin Kano da na Agadas nan suke yada zango su sayi gero. Garuruwa sun zauna, sun tashi, sun bar kufai. Ƙasar kufai hawa-hawa take: abin da ke can ƙasa ya girmi na bisa. Shi ya sa masana ba su tono da gaggawa. Sukan ja igiya su raba fili gida-gida. Su kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin magini, su tankaɗe ta da rariya. Kowane tsingaro sai an auna zurfinsa an rubuta kafin a ɗaga shi.

Haka wata masaniya, Anne Haour, ta yi a Kufan Kanawa, cikin jihar Damagaram. Mutane na cewa can Kanawa suka fara zama. Gwajin da aka yi ya nuna an zauna garin tsakanin 1300 da 1650.

A Bura kuwa, yammacin Nijar, Bube Gado ya yi bincike a 1983, ya samu tukwanen binne mutane masu siffar kawuna da mahaya doki. Daga baya masu neman kuɗi suka afka wa irin waɗannan wurare, kayan suka ƙetare teku. Tukwanen na nan a hannun baƙi, labarinsu ya ɓace.

Wani zai ce: ana fama da abinci, ina ruwanmu da fasasshiyar tukunya? Gaskiya ne, yunwa ba wasa ba ce. Amma kuɗin tukunya ba ya kai mako, kufai kuwa in an birkita shi ba ya gyaruwa. Dokar 1997 ma ta hana tono babu izini.

Saboda haka, in kun ga abu a kufai, ku bar shi inda yake. Ku shaida wurin, ku faɗa wa malaminku, shi kuma ya sanar da maigari da hukuma.