Sharhi: Kuɗin ciyar da yara bayan saki, an yanke jiya, kasuwa ta sauya yau

Duk hukuncin ciyar da yara da kotu ta yanke kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, yana nan yadda aka rubuta shi muddin ba a koma gaban alƙali ba. Kasuwa kuwa ba ta jira kowa ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, a shekarar da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Kuɗin da ke riƙe yaro wata guda a da, yanzu da ƙyar ya kai shi tsakiyar wata.

Doka ba ta rufe ƙofa ba. Ga auren rajista, sashe na 73 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ya bai wa kotu ikon ƙara ko rage abin da ta yanke, idan ta gamsu cewa hali ya sauya sosai. A kotunan Musulunci ma, inda ake bin mazhabar Malikiyya, ana auna ciyarwa ne da ƙarfin uba da buƙatar yaro, kuma duka biyun suna canzawa. Haka riƙon yara: idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo kan koma hannun mahaifiyarta. Nauyin ciyarwa dai yana kan uba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sulhun baka. Dangi su zauna a zaure, uba ya yi alƙawarin ƙari, ko uwa ta yi masa rangwame saboda ya rasa aiki, kowa ya tashi ba rubutu. Ranar da zumunci ya yi tsami, tsohon hukuncin ne a gaban alƙali. Uwa ba ta da hujjar neman ƙarin, uban da ya rage bisa yarda kuma sai a lissafa masa bashi.

Sulhun ba laifi ba ne, ya ma fi sauƙin kuɗi da ɓacin rai. Abin da ya rage shi ne a rubuta shi gaban shaidu, a kai kotun da ta yanke hukuncin farko ta tabbatar da shi. Mai neman ƙari ya tafi da rasidin makaranta da na asibiti, mai neman ragi kuma da takardar sallama daga aiki.