Shari'ar talaka ba ta da mai janyewa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a wuya.

Makon jiya ƙanwata ta bugo mini waya daga Kano tana kuka. Ɗanta wata goma sha huɗu ke nan yana gidan yari yana jiran shari'a, a kan wayar hannu da aka ce ya saya ta sata. Ranar zama kuma an sake ɗagewa, wai takardun ba su dawo daga wajen lauyoyin gwamnati ba. Wata goma sha huɗu fa, Malam Edita, a kan waya!

Ina ajiye waya sai tsohon gwamnan Gombe Ɗanjuma Goje ya faɗo mini a rai. A 2011 hukumar EFCC ta fara shari'a da shi kan kuɗin jihar Gombe. A watan Yunin 2019 ya je fadar shugaban ƙasa, ya janye wa Ahmad Lawan takarar shugabancin majalisar dattawa. Kafin a ce kwabo ofishin Antoni-Janar ya karɓe shari'ar daga hannun EFCC, a watan Yuli aka janye ta a kotun Jos. Na san kotu ta riga ta kori yawancin tuhume-tuhumen, na kuma san sashe na 174 na tsarin mulki ya ba Antoni-Janar ikon janye ƙara. To amma ikon nan bai san hanyar gidan talaka ba ne? Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame, da kotu ta same su da laifi ta ɗaure, su ma an yi musu afuwa a Afrilun 2022.

Ni a nan Aljeriya nake neman abinci. A wannan watan Yuni na 2019 ɗin aka kai tsofaffin firaministoci biyu, Ahmed Ouyahia da Abdelmalek Sellal, kurkukun El Harrach. A Disamba aka yanke wa na farko shekara 15, na biyu 12. Ba yabon hukumomin Aljeriya nake ba. Sai da shugaba Bouteflika ya sauka a Afrilu masu gabatar da ƙara suka gane akwai laifi. Lokacin da yake kan kujera kowa bakinsa gum. Amma dai an ga babba a gaban alƙali, abin da a gida muke ji kamar tatsuniya.

Kuma matasanmu na gida da ke bin manyan 'yan siyasa da ihu lokacin zaɓe saboda taliya da dubu biyu, su ne ke cika gidajen yarin, babu mai leƙa su.

Ina kira ga Antoni-Janar na tarayya da na jihohi, duk ƙarar da za su janye su fito su faɗa wa jama'a dalili a rubuce. Sannan a duba takardun yaran nan, don girman Allah. Ɗan ƙanwata shekararsa 19.

Naku,
Wani mai karatu daga Idlès, Tamanrasset, Aljeriya