Ƙarfe Bakwai a Agogon Wa?

A daren da ya wayi 1 ga Nuwamba 2017 gwamnatin Sudan ta mayar da agogon ƙasar baya da sa'a guda, ya koma sa'a biyu gaba da GMT maimakon uku, bayan tura shi gaba da aka yi a Janairun 2000. Har yau wannan canji yana iya rikita duk manhajar da ke ajiye lokaci, ko da kuwa ba ta da aiki sai rubuta sa'ar da aka auna buhun riɗi a kasuwar Gadarif.

Yau manhajar ta ce ƙarfe bakwai, gobe ta ce takwas, alhali ba wanda ya taɓa ta. Nan sai ɗalibi ya shiga tuhumar layukan da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɓata dare ne. Abin da ya kamata ya fara aunawa shi ne girman saɓanin. Idan daƙiƙu ne masu ƙaruwa a hankali, agogon na'urar ne ke zamewa. Idan kuwa sa'a guda ce cur, ba ragi ba ƙari, to kwamfuta ce ke amfani da tsohon kundin lokutan duniya, wanda ya girmi bugun 2017c da ya shigar da canjin Sudan. In na'urori biyu ke karɓar aikin bi da bi, ɗaya sabuntacciya ɗaya tsohuwa, ai dole amsa ta riƙa canzawa.

Wanda ya rubuta "+2" da hannunsa ma bai tsira ba, domin ya gurɓata duk bayanan da aka ajiye tsakanin 2000 da 2017. Ga kuma sa'ar ƙarshe ta 31 ga Oktoba, wadda ta zo sau biyu. A Gallabat, bakin iyaka, tsallaka rafi kawai ya kai mutum Metema ta Habasha, inda agogo ke gaba da sa'a guda.

Gidajen rediyon Hausa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ba sa faɗin ƙarfe sai sun ƙara da "agogon Najeriya da Nijar". Manhaja ma haka ya kamata ta yi: ta ajiye lokaci a UTC, ta riƙe sunan yankin, wato Africa/Khartoum, sai lokacin nuna wa mutum ta juya shi zuwa agogon Gadarif.