Fiza Yanka Nawa Ya Kamata Mu Ci? Gishirin Da Ke Kwanonmu Da Wanda Ke Littattafanmu

 

Maganar wannan makon daga kwalin fiza ta taso. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun tashi daga taron ƙungiya, mu shida muka yi karo-karo muka sayo babbar fiza guda biyu don taya wata 'yar uwarmu murnar kammala littafinta na farko. Kwali biyu, yanka goma sha shida. Kafin a kira magariba ko ɓurɓushi babu. Akasarinmu yanka bibbiyu muka ci, amma akwai wanda ya tashi da biyar shi kaɗai, muna ta yi masa tsiya yana cewa ai ba tuwo ba ne da zai yi masa nauyi. Daga nan sai ƙishirwa ta taso mana gaba ɗaya, muka yi ta ɗirkar fiya wata kamar waɗanda suka dawo daga gona. Wata daga cikinmu da ke karatun aikin jinya ta dube mu ta ce, "Kun san wannan ƙishirwar ta mece ce? Gishirin da kuka ci ne yake neman ruwa." Muka yi dariya a lokacin, amma da muka koma gida muka bincika, dariyar ta ragu.

Ga lissafin a taƙaice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Wannan bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ya haɗa da duk gishirin da zai shiga baki daga karin kumallo zuwa kwanciya. Abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, kuma giram 5 ɗin nan daidai yake da miligiram 2,000 na sodiyam. Yanka ɗaya na babbar fiza, irin wadda ake raba wa gida takwas, yakan ɗauki miligiram 600 zuwa 700, ya danganta da kaurinta da abin da aka zuba mata. Ke nan yanka uku sun kusa cinye kason yini guda. Ɗan uwanmu mai yanka biyar ya ci na yini ɗaya da rabi a zama ɗaya, kuma da ya koma gida bai ƙi tuwon dare ba. Wanda ya rungumi kwali guda shi kaɗai kuwa, ya zarce kason kwana biyu.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne fiza ba ta yin zartsi a baki. Gishirin a rarrabe yake. Akwai shi a cikin kwaɓin fulawar, akwai a miyar tumatir, akwai mai yawa a cikin cuku, sannan naman da aka sarrafa irin su sosej da ake jerawa a sama ya fi kowa. Maiƙo da ɗan zaƙin tumatir su lulluɓe shi, harshe bai ankara ba, sai ƙoda ce take sanin abin da ya shigo.

To yanka nawa ne daidai? A ra'ayinmu, ga mai lafiya, yanka biyu na babba sun isa, a haɗa da ganye ko kokwamba, a kora da ruwa maimakon lemon kwalba, kuma ya zama abin marmari ne na jefi-jefi. Ranar da aka ci, sai a sassauta hannu a miyar dare. Wanda likita ya riga ya tabbatar masa da hawan jini ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu da jininta ke hawa, shi da likitansa za su yanke, ba mu ba. Yara kuma kasonsu bai kai na manya ba, don haka bai dace a ajiye wa ɗan shekara shida kwali a gabansa a ce ya ci ya more ba.

Wani zai ce ai a birnin Napoli na Italiya, inda fiza ta samo asali, kowa guda yake ci shi kaɗai. Haka ne. Amma tasu siririya ce, faɗinta bai wuce faranti ba, kayan samanta kaɗan ne, kuma ita ce abincin gaba ɗaya. Can asali ma abincin talakan gari ce, ana saye a bakin titi. Har a shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa ta a Napoli cikin al'adun duniya da ake karewa. Wadda ta iso gare mu galibi samfurin Amurka ce, mai kauri, an danƙara mata cuku da nama, kuma mu ba a matsayin abinci muke ɗaukarta ba. Ƙwalama ce tsakanin shinkafar rana da tuwon dare.

Sai dai mu yi wa fiza adalci. Mu nawa ne a wannan zauren muke cin ta ko sau ɗaya a wata, da wannan tsadar? Idan jininmu ya hau, da wuya a ce ita ce babbar mai laifi. Gishirinmu a tukunya yake. A zuba gishiri, a murmusa dunƙule uku ko huɗu, alhali wajen rabin nauyin dunƙulen nan gishiri ne. A jefa kanwa a wake ko miyar kuka, ita ma kanwar sodiyam ce a cikinta. A kawo yaji, shi ma an daka shi da gishiri da dunƙule. Sai indomin dare wurin mai shayi, a juye ƙullin sinadarinta duka, a ƙara wani dunƙulen a ƙwai. Ga kilishi, ga tsire, ga burodi da ba ma zaton akwai gishiri a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa abin da babban mutum ke ci a duniya ya haura giram 10 a yini, ya ninka abin da aka ba da shawara, kuma tana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 1.9 a kowace shekara da yawan sodiyam. Fiza ta zo ne ta hau kan kayan da dama sun yi wa jaki yawa.

Yadda abin yake aiki ba wuya. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, yawan jinin da ke zagayawa ya ƙaru, ya riƙa matsa wa jijiyoyi, zuciya ta ƙara wahala wurin harbawa, ƙoda ta ƙara wahala wurin tacewa. A shekara ɗaya ba a ganin komai. A shekara goma ko ashirin sai a ji shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko an fara wankin ƙoda, wanda mun san gidaje nawa ya tsiyata. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin ciwon kai, ba sa jin jiri, ba sa jin komai. Awo ne kaɗai ke nunawa, kuma idan ana yawan samun 140 bisa 90 ko sama, to magana ta zama ta asibiti. A Najeriya ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin manya uku na ɗauke da shi, da yawa ba su sani ba.

Akwai masu cewa mu a ƙasar zafi muke, zufa tana fitar da gishirin. Manomi ko ɗan dako da ya yini a rana yana da ɗan abin faɗa a nan. Mu da muke yini a ƙarƙashin fanka muna tafin labari da babban yatsa, wace zufa muka yi?

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu a matsayin marubuta, kuma dalilin da ya sa muka kawo ta wannan fili ke nan. Mu buɗe littattafan da muke sakewa a WhatsApp da Wattpad mu duba. Da zarar muna so mu nuna jarumi ɗan gidan masu kuɗi ne, sai mu sa shi ya yi odar fiza da shawarma da askirim. Jaruma ta yi fushi, ya shigo da kwali, fushi ya wuce. Amarya ta tare, ba ta ɗora tukunya sai dai a kawo daga waje. 'Yar aiki da mutanen ƙauye su muke bar wa ɗanwake da fate da kwaɗon zogale, wani lokaci har da jaruma tana yatsina fuska. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta karanta irin wannan sau hamsin, me muke zaton za ta ɗauka shi ne cin daɗi?

Na biyu ya fi wannan muni. Hawan jini a littattafanmu kusan hanya ɗaya yake zuwa: Alhaji ya ji mummunan labari game da 'yarsa, ya dafe ƙirji, ya yanke jiki ya faɗi, likita ya fito ya cire tabarau ya ce jininsa ne ya hau, a guji ɓata masa rai. Shi ke nan. Ba a taɓa nuna mana shekara ashirin da Alhaji ya yi yana barbaɗa yaji a kan tsire, ko maganin da aka rubuta masa ya sha na wata ɗaya ya ajiye don ya ji sauƙi. Tashin hankali yana iya ɗaga jini, ba mu musa ba. Amma mun koya wa masu karatu cewa wanda ba shi da damuwa ba shi da hawan jini, cewa ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi, cewa maganinsa a daina ɓata wa mutum rai. Wasunmu ma idan ɓarin jikin mutum ya shanye a labari, sai mu ɗora wa kishiya da boka. Akwai gidajen da za a kai irin wannan majinyaci wurin mai magani a bar asibiti, kuma awannin farko su ne masu tsada a wannan ciwo. Idan alƙalaminmu ya ƙara wa wannan fahimta ƙarfi, muna da kaso a ciki.

Mun san abin da za a ce: labari ba darasin kiwon lafiya ba ne, mai karatu nishaɗi ya zo nema. Mun yarda, kuma ba mu ce jarumi ya tsaya tsakiyar hira ya karanto wa budurwarsa miligiram ba. Wannan zai kashe labarin. Abin da muke nema shi ne mu san abin da muke rubutawa. Jaruma za ta iya cin fizarta yanka biyu ta rufe kwalin ta ajiye wa ƙannenta. Hajiya mai kuɗi za ta iya zama da kwanon dambun zogale ba tare da an nuna ta a matsayin baƙauya ba. Matar da ke rage dunƙule a miya a ɓoye saboda mijinta, shi kuma yana mitar abinci ya yi lami, uwarsa tana cewa ba ta iya girki ba, ai wannan rikici ne da zai ɗauki babi uku, kuma kowace mace za ta gane shi. Saurayi ɗan shekara ashirin da takwas da aka auna a wurin neman aiki aka ce jininsa ya hau, yana ɓoye wa wadda zai aura, wannan ma labari ne da ba mu cika gani ba. Mu da aka sani da ƙarin gishiri a zance, a nan gaskiyar ta fi ƙarin daɗi.

Mu ma kanmu sai mun gyara. Mu rage dunƙule da ɗaya-ɗaya, mu ƙara albasa da tafarnuwa da citta da daddawa, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Ɗan gishirin da za mu ci ya zama mai sinadarin aidin saboda maƙoƙo. Mu riƙa juya leda mu karanta adadin sodiyam da aka rubuta a bayanta. Sannan mu auna jini. Kemis da yawa suna da na'urar, minti biyu ne. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar hawan jini ta duniya, amma ba sai mun jira ta ba. Mu shidan nan mun yi alkawarin kowa zai zo taro na gaba da lambar awonsa a rubuce, har da mai yanka biyar.

Aikin wannan makon ga mai sha'awa: a rubuto fage ɗaya, kada ya wuce kalma 300, inda wani ya gano yana da hawan jini ba tare da ya faɗi ko ya dafe ƙirji ba. A ajiye a ƙasan wannan rubutu, za mu bi ɗaya bayan ɗaya mu yi sharhi. Wanda kuma yake ganin mun matsa wa fiza ko mun matsa wa marubuta, fili nasa ne, ya faɗi hujjarsa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.