Tarihin Nijar a cikin salula: kar a bar ƴan kasuwa a baya

Ƴan kasuwa maza da mata, yau maganarmu a kan karatun tarihi ce daga nesa: malami yana Yamai ko Damagaram, ɗalibi yana rumfa a kasuwar Maraɗi ko Tawa, salula ce ke haɗa su. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1964 Nijar ta soma koyar da yara ta talabijin. A 2020 kuma, da korona ta sa aka rufe makarantu, mun ga ƴaƴan masu intanet sun ci gaba da bita, ƴaƴan talakawa sun zauna.

Wani zai ce, me ya haɗa mai sayar da tattasai da tarihi? Ai tarihi a kasuwa yake fara cizo. A 1984 Najeriya ta rufe iyakarta ana cikin fari, shekarar da dattawa ke kira El Buhari. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. A 2019 iyaka ta sake rufuwa. Wanda ya san yadda jiya ta kasance, ba ya zuba jarinsa ido rufe. Ku kuma iyayenmu mata, ranar 13 ga Mayu da ake bikinku ta samo asali ne daga 1991, lokacin da mata suka fito a Yamai suna neman a ƙara musu wakilai a shirin babban taron ƙasa. Ƴan matanmu nawa suka san haka?

Inda gizo ke saƙa shi ne, WhatsApp ta cika da masu ba da tarihi ba tare da hujja ba. Wannan ya yabi ƙabilarsa, wancan ya zagi ta wani, yara kuma suna haddacewa. In masana suka yi shiru, maƙaryata ne za su zama malaman ƴaƴanmu.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi da malaman tarihi na jami'ar Abdu Mumuni da su shirya gajerun darussa na minti biyar, da murya, cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, don wanda bai shiga lakwal ba shi ma ya amfana. A zuba su cikin katin memuwa, a riƙa tura wa juna ta Bluetooth, tunda ba ko'ina ke da rezo ba, kuɗin intanet kuma ba kowa ke iya saye ba. Gidajen rediyo su maimaita su, su buɗe layi don tambayoyi. Kowane darasi ya zo da sunan malamin da ya yi shi.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa ma su sa hannu a aljihu. Amma fa salula taimako ce, ba ta maye gurbin aji. Yaron da ke tsare muku rumfa, ku bar shi ya je makaranta da safe, da marece ya saurari darasi tare da ku.

Allah ya sa mu dace.