FILIN MASU MOTOCI: Zaɓen Lagireton Sufacaja

Akwai wani kuka da masu manyan motoci masu gudun tsiya suka saba yi, watau motocin nan da aka ɗora wa injinsu na'urar da ake kira sufacaja. Su kan ce da sanyin safiya motar kamar ta tashi sama, amma da rana ta take, ko kuwa bayan an yi awa guda cikin cunkoson Legas, sai a taka totur ta riƙa nawa kamar an ɗaura mata dutse. Daga nan sai a nufi gareji, bakanike ya leƙa, ya ce ƙaramin lagireton da ke bayan bamba ne ya yi kaɗan, a sayo babba. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Sau da yawa kuwa ba nan gizo ke saƙa ba, sai mai mota ya zuba kuɗi masu yawa, ciwon yana nan, har ma ya jawo wa injin wani sabon ciwo.

Kafin a zo ga maganar zaɓe, ya kamata mai karatu ya san aikin da wannan lagireto ke yi. Sufacaja dai zuga-zugi ce, irin ta maƙera, sai dai ita bel ne ke juya ta daga injin. Asalin irin wadda aka fi sani ma daga wurin narka ƙarfe ta fito, domin wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen jihar Indiyana ta Amurka, su ne suka yi rajistarta a 1860 don hura wutar narka ƙarfe. A 1921 ne kamfanin da ke ƙera Mercedes ya nuna motocin sayarwa masu sufacaja a bikin nunin motoci na Balin. Aikinta shi ne ta cusa wa silinda iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, domin a ƙona fetur mai yawa a sami ƙarin ƙarfi.

To, amma duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi. Wanda ya taɓa riƙe famfon keke bayan ya gama ba taya iska ya san haka. Idan zafin gari ya kai digiri 40, kamar yadda ya kan yi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, sufacaja kuwa ta matsa iskar har awo 10 na ma'aunin da masu faci ke auna taya da shi, to iskar da za ta fito daga cikinta tana iya wuce digiri 100, watau ta fi tafasasshen ruwa zafi. Iska mai zafi kuwa sakayau take. Wadda ke digiri 100 ta gaza wadda ke digiri 50 nauyi da wajen kashi 13 cikin 100, ke nan wani sashe na wahalar sufacaja ya tafi a banza. Abin da ya fi wannan muni shi ne, zafi ya kan sa fetur ya fashe cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, maimakon ya ci a hankali daga tartsatsin fulogi. Wannan fashewa ita ke fasa fistin, ta ƙone gasket, daga ƙarshe a ji an ce inji ya buga.

Saboda haka ne masu ƙera irin waɗannan motoci suka yi musu hanyar ruwa ta biyu. A cikin gidan sufacajar akwai wani ɗan akwati mai kama da saƙar zuma, ana ce da shi intakula, iskar mai zafi tana ratsa shi, ruwa yana kwashe zafin. Wani ƙaramin famfo mai aiki da lantarki shi ke tura ruwan ta cikin tiyo zuwa gaban mota, inda ƙaramin lagireton nan yake, iskar hanya ta huce shi, sa'an nan ya koma. Haka tsarin yake a Mercedes E55 AMG ta 2003 mai ƙarfin doki 469, da Range Rover ta 2010 mai inji lita 5 da ƙarfin doki 510, da Mustang Cobra ta 2003, da Dodge Hellcat ta 2015 mai ƙarfin doki 707. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci sun shigo ƙasar nan a matsayin tokumbo, bayan sun sha tafiya a can inda suka fito.

Idan ruwan nan ya yi zafi har ya kasa hucewa, kwamfutar motar ta kan gane ta wurin ma'aunin da ke bayan intakula, sai ta ja da taimin baya, ta rage ƙarfi don ta ceci injin. Nawar da direba ke ji ke nan. Ba ƙananan masu ƙira kaɗai abin ke ba wahala ba. Corvette Z06 ta 2015, mai ƙarfin doki 650, ta sha suka daga masu kai ta filin tsere saboda zafi, har kamfanin ya yi wa tsarin sanyayawarta gyare-gyare a motocin 2017. Da ya zo fitar da ZR1 ta 2019 kuwa, sai da ya sa mata lagireto manya da ƙanana har 13.

A Fara Da Awo

Abu na farko da ya wajaba a kan mai mota shi ne ya auna kafin ya saya. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace mota ta zo da kafar da ake jona na'urar bincike, kuma yau da wuya a sami babban gareji a Legas ko Abuja ko Kano da ba shi da wannan na'ura. Sai a jona ta, a duba zafin iskar da ta fito daga intakula, a gwada shi da zafin gari. A yi tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, a taka sau biyu ko uku inda babu haɗari, a lura da yadda zafin ke hawa da kuma yadda yake sauka bayan an ɗaga ƙafa. In yana hawa kaɗan yana saukowa da sauri, lagireton da ke jiki ya isa. In kuwa ya hau ya ƙi sauka ko ana cikin gudu, to akwai magana, amma tukuna ba a san mai laifi ba.

Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne famfo. Masu E55 AMG a ƙasashe da dama sun san famfonta ya kan mutu shiru, babu wata ƙara. Ruwan da ba ya zagayawa kuwa, ko an sa masa lagireto mai faɗin ƙofar zaure ba zai huce ba. Bayan famfo sai a duba ko iska ta maƙale cikin tiyo, domin irin wannan famfo ruwa yake turawa, in ya haɗu da kumfa sai ya yi ta juyi a banza. Sa'an nan a leƙa fuskar lagireton. Ƙurar hunturu, da ƙwari, da ledar da iska ta kwaso su kan toshe shi, tsakuwar hanya kuma ta lanƙwashe 'yan siraran fikafikansa. Mota da yawa wanki da sabon famfo kaɗai take bukata.

Wanda ya fi kowa hujjar sayen babban lagireto shi ne wanda ya sake wa sufacajarsa fule, ya sa ƙarami don ta ƙara saurin juyi. Ƙarin matsi ƙarin zafi ne, lagireton kamfani kuwa an auna shi ne daidai da ƙarfin da motar ta fito da shi. Haka kuma wanda ke kai motarsa filin tsere, da wanda ke zaune inda zafin rana ya yi tsanani.

Faɗi Ya Fi Kauri

Idan ta tabbata sai an saya, kuskuren da aka fi yi shi ne a bi kauri. Iskar da ta shiga gaban lagireto tana ɗaukar zafi yayin da take ratsawa, kafin ta kai bayansa ta riga ta yi ɗumi, saboda haka rabin baya ba ya aiki kamar rabin gaba. Ninka kauri ba ya ninka sanyi. Abin da ya fi amfani shi ne faɗin fuskar da ke karɓar sabuwar iska kai tsaye. In da hali, a zaɓi mai tsawo da faɗi wanda ya cika bakin bamba, ko da bai kai wani kauri ba.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Wannan lagireto shi ne a sahun gaba, bayansa akwai na kwandishan, bayan wannan kuma sai babban lagireton injin. Duk iskar da na gaba ya tare, ko ya ɗumama, na baya ne za su biya. Ana iya sanyaya iskar sufacaja a wayi gari allurar zafin injin tana hawa cikin goslo, kwandishan kuma ya daina sanyi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Don haka bayan an ɗaura sabo, wajibi ne a sa ido kan zafin ruwan injin na 'yan kwanaki.

Ƙirar cikinsa iri biyu ce. Akwai mai siraran bututu da fikafikai, wanda ba shi da nauyi kuma iska tana ratsa shi da sauƙi. Akwai kuma wanda aka jera sanduna da faranti na alminiyum, ya fi nauyi, ya fi jure jifar tsakuwa, amma ya kan fi tare iska. Ga mai bin hanyoyi masu ramuka da tsakuwa, ƙarko abin dubawa ne. Haka nan fikafikan da suka cika matsewa sun fi kwashe zafi a ranar da aka ɗaura su, amma su ne ƙura ke fara toshewa.

Za a kuma ji masu sayarwa suna alfahari da wanda ruwa ke ratsa shi sau biyu, ya tafi ya dawo, ko ma sau uku. Gaskiya ne ruwan ya kan fi gudu cikin bututun, wannan kuwa yana taimaka wa fitar zafi. Sai dai nauyin turawa yana ƙaruwa ninki da dama, in famfon ƙarami ne ko ya tsufa, yawan ruwan da ke zagayawa sai ya ragu, ribar ta koma hasara. Wanda zai sayi irin wannan ya sa kuɗin famfo mai ƙarfi cikin lissafi, ya kuma tabbata bakin lagireton bai fi tiyon motar ƙanƙanta ba.

Fanka, Tanki Da Ruwa

Wasu lagireto suna zuwa da fankarsu. Ga mai yini cikin cunkoso wannan abu ne mai amfani, domin a tsaye babu iskar hanya. Ga mai doguwar tafiya kuwa amfaninta kaɗan ne, jikin fankar ma yana iya tare iska. In za a sa, a ja mata waya mai kauri da fis nata na kanta. Abin da ba shi da tsada kuma ya kan yi aiki ƙwarai shi ne toshe gefunan lagireton da roba ko soso, domin iska kamar ruwa take, in ta sami hanya mai sauƙi ta gefe ba za ta bi ta ciki ba.

Ƙarin tankin ruwa jinkiri kawai yake kawowa. Ruwa mai yawa ya kan daɗe bai yi zafi ba, amma in ya yi, ya kan daɗe bai huce ba. Masu tseren mita 402 a Amurka su kan zuba ƙanƙara a ciki, domin tserensu na 'yan daƙiƙoƙi ne. Mai tafiya daga Legas zuwa Ilori ba zai amfana da wannan dabara ba. Ya kamata kuma a sani, babu lagireton da zai sa ruwa ya fi iskar gari sanyi. Da kamfanin Dodge ya so ƙetare wannan iyaka a motarsa Demon ta 2018, sai da ya karkatar da sanyin kwandishan zuwa ga ruwan intakula. Duk mai sayarwar da ya yi alkawarin fiye da haka da lagireto kaɗai, a riƙe aljihu.

Game da ruwan da za a zuba, zallan ruwa ya fi ɗaukar zafi, domin haɗin rabi da rabi da maganin lagireto ya gaza shi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Amma ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri cikin bututu, alminiyum kuwa yana ciwuwa in babu maganin tsatsa. Sai a nemi tataccen ruwa, a haɗa da maganin. A lura kuma, a wasu motoci hanyar ruwan intakula tanki ɗaya take sha da ta injin. A irin waɗannan, abin da littafin motar ya ce shi za a bi.

Daga ƙarshe, ko sabo ne aka yi oda daga waje, ko na hannu ne daga Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa, kada a ɗaura sai an toshe bakinsa an ba shi iska cikin ruwa an ga ba ya yoyo. A duba walda, a duba ko kunnuwansa sun dace da ramukan kusoshin motar, domin wanda aka ɗaure da waya jijjiga za ta tsaga shi. Araha ba ta ado. Bayan an ɗaura, a fitar da iska sarai, a sake jona na'urar bincike, a bi hanyar da aka bi da farko a daidai lokacin da aka bi ta, a gwada sabon awo da tsohon. In lambar ta sauka, zafin injin kuma bai motsa ba, kuɗi sun yi aiki. Allah ya kiyaye hanya.