Zumunta A Ƙafa Take, To Ina Aikin Intanet?

 A wannan mako filin namu zai leƙa majami'un Kirista ne, musamman na Amurka da Ingila, domin mu ga wata dabara da suka fito da ita ta haɗa baƙo da 'yan gida. Kada wanda ba Kirista ba ya ce ba ruwansa, domin matsalar da ta haifi dabarar takan sami kowace jama'a da ta yi yawa har shugabanta ya kasa riƙe sunayen mabiyansa.

Ga yadda matsalar take. A majami'ar da ke tara dubban mutane, mutum yakan zo ran Lahadi, a yi sujada da shi, a tashi ya kama gabansa, ba wanda ya san inda ya kwana. In ya kwanta ciwo wata guda, kujerarsa ba za ta zauna wayam ba balle a tambaya, wani ne zai hau. Maganin da aka daɗe da samowa shi ne a rarraba jama'a ƙungiya-ƙungiya, mutum goma ko sha biyu, su riƙa haɗuwa a gidan ɗayansu a tsakiyar mako, su yi karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a, su kuma san halin da juna ke ciki.

Abin ba sabo ba ne. A 1742, a garin Biristol na Ingila, bashin ginin ɗakin taro ya dami mabiyan John Wesley, sai aka kasa su rukuni-rukuni na mutum goma sha biyu, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, shugaban rukuni yana bi gida-gida yana karɓa. Ashe wajen karɓar kwabon sai shugabannin suka riƙa gano wanda ba shi da lafiya, da wanda giya ta fi ƙarfinsa, da gidan da ake rigima. Daga nan Wesley ya ga abin da ya fi kuɗi daraja, ya mai da rukunonin ginshiƙin ɗarikar Methodist. Haka kuma a Seoul ta Koriya ta Kudu, da Fasto Yonggi Cho ya faɗi don gajiya a 1964, sai ya yanka birnin shiyya-shiyya, ya danƙa taron gida-gida a hannun mata, alhali al'adar ƙasar a lokacin ba ta saba da shugabancin mace ba. Ta wannan hanya majami'arsa ta kai mutum dubu ɗari-ɗari.

To, ina intanet ta shigo? Ta shigo ne ta wajen baƙo. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A da, wanda ke son shiga ƙungiya sai ya tsaya bayan sujada ya tari wani dattijo da bai sani ba, ko ya cika takarda ya jefa a akwati, ya jira ranar da sakatare zai buɗe. Mai kunya ba ya yin ko ɗaya. Yanzu kuwa akwai kamfanoni, irin su Planning Center na Amurka da ChurchSuite na Ingila, waɗanda ke sayar wa majami'u manhajar da ake liƙawa a shafinsu na intanet. Baƙo yana kwance a ɗakinsa zai buɗe wayarsa, ya ga jerin ƙungiyoyin duka, ya tace su yadda yake so: wadda ke haɗuwa ran Laraba da dare, wadda ke kusa da unguwarsa bisa taswira, ta ma'aurata ko ta samari, wadda ake zuwa da yara. In ya ga wadda ta yi masa, sai ya danna wurin neman shiga, nan take saƙo ya isa ga shugaban ƙungiyar. In ƙungiya ta cika, a rufe neman shiga. Bugu da ƙari shugaba yana iya rubuta waɗanda suka halarta kowane mako, har fasto ya gane wanda aka yi mako uku ba a gani ba.

Lalle wannan ci gaba ne, ba na musu. Ya ɗauke wa mai kunya nauyin tambaya, ya kuma ɗauke wa sakatare wahalar takardu. Amma fa na'ura buɗe ƙofa kawai take yi, ba ta iya cewa maraba. Duk sha'anin ya rataya ne a kan abin da zai faru bayan an danna. Idan shugaban ƙungiya ya bar saƙon nan kwana goma bai duba ba, ko kuwa baƙo ya ɗauki ƙafa ya je gidan da aka rubuta ya tarar ƙungiyar ta watse tun bara ba a goge sunanta ba, to an yi ɓarnar da ta fi ta zamanin akwati. Wanda bai tambaya ba yana iya cewa laifinsa ne. Wanda ya ƙwanƙwasa aka yi masa shiru kuwa ya riga ya sami amsa, ba kuma zai sake zuwa ba. Don haka majami'ar da ba ta da mutumin da aikinsa shi ne bin jerin nan yana gyarawa, yana kuma tuntuɓar shugabanni ko sun amsa, gara ma kada ta fara.

Akwai wani aibi kuma da ya fi wannan ɓuya, watau tacewar nan da ake yabo. Rukunonin Seoul bisa shiyya aka yanka su, haka nan ƙananan ƙungiyoyin da bishop-bishop na Katolika a Afirka ta Gabas suka ɗauka a matsayin manufarsu cikin shekarun 1970 bisa maƙwabtaka suke. Mutum ba ya zaɓen maƙwabci, dole attajiri ya zauna tabarma ɗaya da mai tura kura, budurwa da gyatuma. Amma in aka ba kowa dama ya tace, likita zai nemi likitoci, matashi ya nemi sa'o'insa, tsofaffi da matalauta su rage su kaɗai. Tun a 1994 wani masanin zaman jama'a na Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na manyan Amurkawa suna cikin wata ƙaramar ƙungiya, ya kuma yi kashedi cewa yawancinsu ba sa ɗora wa mutum wani nauyi, in ta gundure shi sai ya sauya wata. Lokacin nan ma ba a fara zaɓen ƙungiya da yatsa ɗaya ba.

Mu dawo gida. Manyan majami'un ƙasar nan, irin su Deeper Life da W. F. Kumuyi ya faro a 1973 da ɗalibai 15 a Jami'ar Legas, da Redeemed, da Winners, duk suna da taron gida-gida. A Arewa kuma Zumuntar Mata ta riga intanet da shekaru masu yawa, ba ta kuwa bukatar taswira a ƙauye, inda kowa ya san ƙofar kowa. Mai bukata shi ne ɗan bautar ƙasa da aka jefa garin da bai san kowa ba, ko ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa ko Biyu da aka mayar Abuja. A nan WhatsApp ce ta fi yin aikin, domin ita ce a hannun kowa, amma ita sai wanda ya riga ya san wani a ciki ake sa shi, watau baƙon nan dai yana waje.

Sai dai mu muna da abin dubawa da ya fi na Ba'amurke nauyi. Ƙasar da aka ta da bam a majami'ar Madalla ran Kirsimeti na 2011, aka buɗe wa masu sujada wuta a Owo ran 5 ga Yuni 2022, ga kuma masu satar mutane don kuɗin fansa, ba ƙasar da za a baje wa duniya cewa gida kaza, layi kaza, mutum goma sha biyu na taruwa kowace Laraba da ƙarfe bakwai ba ce. Manhajojin nan suna da hanyar nuna yanki kawai a ɓoye ainihin gidan, to a yi amfani da ita. A rubuta Kubwa ko Sabon Tasha, a tsaya nan, sai shugaba ya yi magana da mai nema, in so samu ne sun haɗu ido da ido a harabar majami'a, kana a ba shi kwatance. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta sa addinin mutum cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu, saboda haka jerin sunaye da lambobin waya ba abin da za a riƙa turawa barkatai ba ne. Kada kuma a ɗauke teburin nan na bakin ƙofa da littafinsa da alƙalaminsa, domin gwauruwar da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila ita ma tana neman inda za ta je ran Laraba.